Bayan cire kwas ɗin laburare daga jerin dole: wa zai koya wa ɗalibin jami'a nemo bayani da tantance shi?

Ɗaliban da suka shiga jami'o'in Najeriya a ƙarƙashin sabuwar manhajar karatu sun tarar da wani sauyi da ba kowa ya lura da shi ba. Yayyensu da suka riga su shiga sun yi wani kwas na dole a aji ɗaya, inda ake koyar da amfani da laburare, dabarun karatu da fasahar sadarwa. A tsohuwar manhajar Hukumar Kula da Jami'o'i ta Ƙasa, wato NUC, lambar kwas ɗin GST 121, ko da yake jami'o'i da dama sun ba shi tasu lambar. A sabuwar manhajar, wadda ake kira CCMAS, wannan kwas ba ya cikin jerin kwasa-kwasan gama-gari da hukumar ta wajabta wa kowane ɗalibi.

Daga nan ruɗani ya taso. Wasu na cewa an soke koyar da laburare kwata-kwata. Wasu na cewa ai a tasu jami'ar har gobe ana yi. Dukkansu suna da ɗan abin kamawa, domin hukumar ba ta hana koyar da shi ba, ta dai daina tilasta shi a matsayin kwas mai zaman kansa, ta bar wa kowace jami'a zaɓi. Tambayar da ta rage ita ce: idan an bar abu a hannun kowa, wa zai ɗauki nauyinsa?

Me ake nufi da wannan ƙwarewa?

Abin da ake magana a kai ya wuce sanin ƙofar laburare da inda ake karɓar katin aro. Ƙwarewar nemo bayani da tantance shi na nufin mutum ya gane cewa akwai abin da bai sani ba, ya san inda zai nemo shi, ya iya auna ingancin abin da ya samu, sannan ya yi amfani da shi ba tare da ya ci haƙƙin mai shi ba. Wannan na ƙarshe shi ne batun kawo madogara da jera manazarta, da guje wa satar fasaha, wadda marubutan Hausa ke kira wankiya.

Ana yawan cakuɗa ta da iya kwamfuta, alhali abubuwa biyu ne. Ɗalibi na iya zama gwanin waya, ya buɗe shafi goma a lokaci guda, ya sauke fayil, ya tura wa abokansa a WhatsApp, amma ka tambaye shi wa ya rubuta abin, yaushe aka rubuta, kuma wa ya duba shi kafin a buga, sai ya yi shiru. Iya sarrafa na'ura ya samu. Abin da ya rage masa shi ne hukunci a kan abin da na'urar ta kawo.

Sunan da ake kiran fannin da shi a Turanci, wato information literacy, ya fara bayyana ne a 1974, a wani rahoto da Paul Zurkowski ya rubuta a Amurka. A 1989 ƙungiyar laburare ta Amurka ta fitar da ma'anar da ta yi tasiri har yau. A 2000 reshenta mai kula da laburaren manyan makarantu, ACRL, ya fitar da ma'aunai biyar da ake son ɗalibi ya cika, sannan a 2016 ya maye gurbinsu da wani tsari mai ginshiƙai shida. Wannan sauyi yana da ma'ana ga muhawararmu. Tsohon tsarin ya ɗauki abin kamar jerin matakai da za a koya sau ɗaya a wuce. Sabon ya ce fahimta ce da ke girma tare da fannin da mutum ke karantawa, kuma wanda ya isa a dogara da maganarsa a wani fage ba lallai ya isa a wani fagen ba. Likitan zuciya madogara ne a kan hawan jini, amma a kan farashin gero a kasuwar Dawanau ɗan kasuwar da ke zaune a can ya fi shi.

Najeriya ma ba baƙuwa ba ce a wannan tafiya. A Abuja aka ƙaddamar da ƙawancen duniya kan wannan fanni a ƙarƙashin UNESCO a 2013, kuma a Abuja aka yi babban taron makon duniya na fannin a watan Oktoba na 2022.

Daga tsohuwar manhaja zuwa sabuwa

Dokar soja mai lamba 16 ta 1985 ce ta ba NUC ikon tsara mafi ƙarancin abin da kowane digiri zai ƙunsa. Ma'aunan farko sun fito a 1989. A 2007 aka sabunta su da manhajar da aka sani da BMAS, wadda a cikinta kwas ɗin laburare yake da yunit biyu. Abin da ya ƙunsa ya haɗa da taƙaitaccen tarihin laburare, ire-irensa, yadda ake amfani da katalog, yadda aka kasa littattafai a kanta, haƙƙin mallaka, rumbunan bayanai na intanet, rubuta manazarta, sai kuma sassan kwamfuta da buga rubutu.

A watan Disamba na 2022 aka ƙaddamar da CCMAS, mai ɗauke da fannoni 17, aka kuma ce jami'o'i su fara aiki da ita daga Satumban 2023. Babban abin da ta zo da shi shi ne rabon kashi 70 da kashi 30: hukumar ta tsara kashi 70 cikin 100 na abin da za a koyar, kowace jami'a ta cike sauran 30 daidai da buƙatunta da muhallinta. A wannan tsari an rage kwasa-kwasan gama-gari sosai. Waɗanda suka rage su ne sadarwa da Turanci, al'ummomin Najeriya da al'adunsu, falsafa da manɗiƙi, zaman lafiya da sasanta rikici, da kwasa-kwasai biyu na koyon kasuwanci da kafa sana'a. Kwas ɗin laburare na cikin waɗanda suka fita daga jerin.

Ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta soki manhajar a 2023, amma babban ƙorafinta a kan iko ne: tana ganin tsara abin da za a koyar haƙƙin majalisar malamai ta kowace jami'a ne, kuma kashi 70 ya yi wa hukumar yawa. Batun laburare ƙaramin reshe ne a cikin waccan babbar jayayya, shi ya sa bai samu kulawar jaridu sosai ba. Sai dai sakamakonsa a fili yake. Yanzu kwas ɗin yana gasar neman gurbi a cikin kashi 30, tare da duk kwasa-kwasan da kowane sashe ke ganin an tauye masa. A irin wannan rabo, wanda ba shi da mai tsaya masa a teburin shawara shi ne kan fara rasa wuri.

Matsayi uku da ake kai

Masu son a mayar da kwas ɗin dole a ko'ina, waɗanda akasarinsu ma'aikatan laburare ne, hujjarsu mai ƙarfi ce. Ɗalibai da yawa sun fito ne daga makarantun sakandaren da babu laburare mai aiki, wasu ma ba su taɓa riƙe mujallar ilimi ba. Yaron da ya zo daga ƙauye ya tsaya a gaban laburaren Kashim Ibrahim a Zariya, ko na Abdullahi Fodiyo a Sakkwato, ko na Ramat a Maiduguri, girman ginin kawai ya isa ya sa shi jin ba wurinsa ba ne. Kwas na dole yana tabbatar da cewa kowa, ɗan mai kuɗi da ɗan talaka, ya samu harsashi ɗaya. Kuma a jami'a, abin da ba shi da maki ɗalibi ba ya ba shi lokaci, hukuma ma ba ta ware masa kuɗi.

Masu ganin cire shi bai zama asara ba su ma ba da ka suke magana ba. Suna nuni da yadda ake koyar da kwas ɗin a wurare da yawa: ɗalibai ɗaruruwa, wani lokaci fiye da dubu, a babban ɗakin lakca, malami ɗaya da lasifika, a ƙarshe a yi jarrabawar zaɓi ɗaya cikin huɗu a kwamfuta. Ɗalibi ya haddace sunan wanda ya ƙirƙiro tsarin kasa littattafai da shekarar da aka yi, ya ci A, amma bai taɓa nemo littafi ɗaya da hannunsa ba. Bayan shekara uku, sa'ad da furojet, wato binciken kammala digiri, ya taso, abin da ya haddace ya daɗe da bin iska. A ganinsu, kwas da ake yi tun kafin ɗalibi ya ji buƙatarsa ɓata yunit biyu ne.

Matsayi na uku shi ne a saƙa ƙwarewar a cikin kwasa-kwasan sashe, malamin kwas da jami'in laburare su yi aikin tare. Malamin tattalin arziki ya ba da jinga, jami'in laburare ya shigo aji a makon da aka ba da ita ya nuna inda ake samun alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa da na Babban Bankin Najeriya, sannan a ware wani ɓangare na makin jingar ga ingancin madogaran da ɗalibi ya kawo. Wannan hanya ce jami'o'i da yawa a Amurka da Ingila da Ostireliya suka karkata gare ta. Raunin ta shi ne tana rataye da yardar malamin kwas. Inda akwai fahimtar juna tsakaninsa da laburare sai abin ya yi kyau, inda babu kuwa ɗalibai su gama digiri ba wanda ya ce musu uffan. Can ƙasashen ma ana kuka da abin da ya zama al'ada: a gayyaci jami'in laburare sau ɗaya tak na minti hamsin, a ce ya koyar da komai.

Idan aka auna su, kowane matsayi yana toshe ɓarakar ɗaya ne. Kwas na dole yana kai wa ga kowa amma yana zuwa da wuri, kuma a sama-sama. Saƙawa cikin kwasa-kwasai tana zuwa a daidai lokacin buƙata amma ba ta da tabbacin isa ga kowa. Shi ya sa shawarar da ta fi tsayuwa da ƙafafunta ita ce haɗa biyun: ɗan gajeren harsashi na dole a aji ɗaya, wanda ake yi a cikin laburaren kansa, sannan a dawo wa batun a aji biyu da aji uku a cikin kwasa-kwasan sashe, musamman kwas ɗin dabarun bincike da kusan kowane sashe ke da shi kafin furojet.

Yadda darasin yake idan an yi shi a aikace

Mu ɗauki misalin ɗaliba 'yar aji uku a sashen tarihi, wadda aka ba jinga a kan tsarin kasuwanci a daular Sakkwato. Abin da ta saba yi shi ne ta kwafe take gaba ɗaya ta zuba a Google, ta ɗauki abin da ya fito a sama. A zaman da aka shirya da jami'in laburare, abu na farko da zai sa ta yi shi ne ta ajiye wayar, ta ɗauki biro ta fasa taken zuwa kalmomi uku ko huɗu masu nauyi, kowace kuma ta nemo mata 'yan'uwanta. Daga nan zai tambaye ta: ta yaya ake rubuta sunan Shehu? Ta ce Usmanu Ɗanfodiyo. Sai ya nuna mata a katalog cewa wani marubucin ya rubuta Usman dan Fodio, wani Uthman b. Fudi, wani kuma ya bi lafazin Larabci gaba ɗaya. Wanda ya nema da rubutu ɗaya ya rufe wa kansa ƙofar sauran. Haka sunan Sakkwato da Sokoto, Zazzau da Zariya da Zaria.

Ɗalibin Hausa yana da irin wannan matsala da haruffa masu lanƙwasa. Wani rumbun yana ɗaukar ƙasa da kasa a matsayin kalma ɗaya, wani yana raba su, kuma tsofaffin rubuce-rubuce da yawa an shigar da su ba tare da lanƙwasar ba. Dole ya gwada duka biyun. Ɗalibin aikin gona kuwa sai ya san cewa masara tana da suna biyu a Turanci, wanda Turawan Ingila ke amfani da shi da wanda Amurkawa ke amfani da shi, in ba haka ba rabin binciken duniya a kan amfanin gonar da yake nazari ba zai taɓa fito masa ba. Waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma babu ɗayansu da za a iya koyarwa a ɗakin lakca mai mutum dubu, domin kowanne ya danganta da fannin mai tambaya.

Sai kuma darasin da ya fi ba ɗalibai mamaki: ba komai ne ke intanet ba. Ɗalibar tarihin nan za ta ji cewa takardun mulkin Turawa da take buƙata suna Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, rubuce-rubucen ajami da na Larabci suna Arewa House a Kaduna da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato, tsofaffin kofen Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a 1939, suna ɗaure a kundaye. Ga mai nazarin Arewa, ɗauka cewa abin da Google bai kawo ba babu shi kuskure ne mai tsada, domin kaso mai yawa na iliminmu har yanzu a takarda yake, wani kuma a bakin dattawa.

A ɗaya gefen, akwai abin da ke intanet wanda ɗalibi bai san yana da haƙƙin shiga ba. Shirin Research4Life yana buɗe wa cibiyoyin ƙasashe masu tasowa dubban mujallu kyauta ko a farashi mai rahusa: Hinari na fannin lafiya tun 2002, AGORA na aikin gona tun 2003, sai na muhalli, na kimiyya da ƙere-ƙere, da na shari'a. Akwai AJOL, da ke tattara mujallun Afirka. Jami'o'in gwamnati kuma suna samun tallafin bunƙasa laburare daga asusun TETFund. Sau da yawa an yi rajista, lambar shiga tana hannun laburare, amma ɗalibin da aka yi abin dominsa yana can shagon kwamfuta na bakin ƙofar makaranta yana biyan kuɗi a haɗa masa babi na biyu na furojet, wato na bitar ayyukan da suka gabata. Matambayi ba ya ɓata, amma sai ya san akwai abin tambaya.

Tantancewa: inda aikin ya fi wuya

Nemo bayani a yau ya fi sauƙi a kan da. Wahalar ta koma wajen rarrabe tsaki da tsakuwa. Shekaru da dama ana koya wa ɗalibai su duba shafi da kansa: yana da kwanan wata? An rubuta sunan marubuci? Akwai manazarta? Ya yi kama da na hukuma? Wani bincike da Sam Wineburg da Sarah McGrew na jami'ar Stanford suka fitar a 2017 ya nuna gazawar wannan hanya. Sun gwada malaman tarihi 10, ƙwararrun masu bin diddigin labarai 10 da ɗalibai 25. A ɗaya daga cikin gwaje-gwajen an ba su shafuka biyu na ƙungiyoyin likitocin yara masu sunaye kusan iri ɗaya, ɗaya babbar ƙungiya mai mambobi dubbai, ɗayar ƙaramar ƙungiya da ta ɓalle saboda wata manufa. Fiye da rabin ɗaliban sun fi amincewa da ƙaramar, domin shafinta ya fi tsari a ido. Wasu malaman tarihin ma sun kasa bambancewa. Masu bin diddigin kuwa ba su ɓata lokaci a cikin shafin ba. Nan take suka fita, suka buɗe wasu shafukan suna neman abin da wasu suka ce game da ƙungiyar, cikin ɗan lokaci suka gano gaskiya.

Wannan dabara, ta barin magana a je a binciki mai maganar, ba sabuwa ba ce ga duk wanda ya zauna a gaban malamin hadisi. Ɗalibin Islamiyya ya san cewa daɗin lafazin matani ba ya sa a karɓe shi, sai an bi isnadi an ga wane ne ya ji daga wane, kuma me malamai suka ce game da gaskiyarsa da ƙarfin haddarsa. Ya san bambancin ingantacce da mai rauni da ƙirƙirarre. Malamin da ke koyar da tantance bayani a Kano ko Katsina yana da wannan gada a shirye, kuma ɗalibai kan kama abin da sauri idan aka fara daga nan. Sai dai kwatancin yana da iyaka da ya kamata a faɗa musu. A binciken kimiyya, amanar mai rahoto ba ta wadatar, domin mutumin kirki na iya yin kuskuren awo, kuma sakamakon da aka yarda da shi bana na iya rushewa baɗi. Mujallar likitanci ta Lancet ta buga wata maƙala a 1998 da ta danganta wata allurar rigakafin yara da wata lalurar ƙwaƙwalwa, sai a 2010 ta janye ta bayan an gano binciken ba shi da tushe. Ɗalibin da bai san ana janye maƙala ba zai iya kawo ta a matsayin hujja yau, da sunan babbar mujalla a gefenta.

Akwai kuma mujallun bogi, masu karɓar kuɗi su buga duk abin da aka aiko cikin 'yan kwanaki ba tare da wani masani ya duba ba. Jeffrey Beall, wani jami'in laburare a jami'ar Colorado, ya yi shekaru yana tattara sunayensu kafin ya rufe jerin a farkon 2017. Wannan matsala ba ta tsaya kan ɗalibai ba. Ƙarin girman malaman jami'a yana rataye da yawan abin da suka wallafa, don haka malamai ma kan faɗa tarkon, su kuma miƙa wa ɗalibansu irin waɗannan maƙaloli a matsayin abin karantawa. Wannan na cikin dalilan da suka sa barin koyar da tantancewa a hannun malamin kwas shi kaɗai bai isa ba.

Tun daga ƙarshen 2022, da ChatGPT da makamantansa suka bazu, an samu sabon salo: manazartar da babu ita sam. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira suna iya jero sunan marubuci, take, mujalla, shekara da lambar shafi, komai daidai a ido, alhali ba a taɓa rubuta maƙalar ba. A 2023 wani alƙali a birnin New York ya ci tarar wasu lauyoyi dala 5,000 saboda sun gabatar wa kotu hukunce-hukuncen da na'ura ta ƙirƙiro musu. Manhajojin gano satar fasaha irin su Turnitin, ko EagleScan da kwamitin shugabannin jami'o'in Najeriya ya samar, suna auna kamanni ne tsakanin rubutu da rubutu, ba su tabbatar da cewa madogarar da aka kawo tana nan. Maganin dai tsohon ne: a ɗauki kowace manazarta a neme ta har a gan ta da ido.

Abin da ke iya hana ruwa gudu

Saƙa wannan ƙwarewa cikin kwasa-kwasai ta fi kwas guda cin ma'aikata. Jami'a mai ɗalibai dubu talatin ko arba'in da sassa tamanin ba za ta iya tura jami'in laburare kowane aji ba idan ƙwararrun da take da su 'yan kaɗan ne, kuma su ne ke kula da katalog, sayen littattafai da teburin tambaya. Su ma ana ɗaukarsu a matsayin ma'aikatan koyarwa, ana neman su wallafa kafin a ƙara musu girma, amma awannin da suka yi a ajin wani malami ba kasafai ake lissafa musu su ba. Ba kowane jami'in laburare ne kuma ya samu horon koyarwa ba. Sanin rumbun bayanai daban, iya tsayawa gaban aji daban.

Wuta da intanet ma suna da nasu. Darasin da ake so kowane ɗalibi ya gwada da hannunsa yana mutuwa idan janareta ya tsaya ko sabis ya ɗauke, sai a koma ga bayani da baki, wato abin da ake gudu tun farko. Wasu laburaren sun rage wannan da gajerun bidiyo da takardun jagora da ake turawa ta waya, da kuma horar da manyan ɗalibai su taimaka wa ƙanana. Akwai kuma batun girma, wanda ba a cika faɗa a fili ba: wasu malaman na ganin shigowar wani cikin ajinsu kamar nuni ne cewa sun gaza. Inda shugaban sashe ko shugaban tsangaya ne ya tsara haɗin gwiwar, wannan kan ragu, domin abin ya zama ƙa'idar sashe, ya daina zama alfarmar da mutum ɗaya ke yi wa wani.

Yadda abin zai shafi ɗalibi da iyayensa

Tasiri na farko shi ne bambanci tsakanin jami'o'i zai ƙaru. Ɗalibai biyu masu digiri iri ɗaya za su fito, ɗaya an koya masa bin diddigin madogara tun aji ɗaya, ɗayan bai taɓa jin zancen ba sai ranar da mai duba furojet ɗinsa ya dawo masa da babi na biyu cike da jan biro. Ba a fafe gora ranar tafiya, kuma wanda abin ya fi yi wa nauyi shi ne wanda ba shi da yaya ko uba ɗan boko da zai nuna masa a gida.

Na biyu kuɗi ne. Iyaye da yawa suna biyan abin da ake kira kuɗin furojet ba tare da sanin cewa wani kaso nasa yana tafiya ne wajen sayen maƙalolin da laburare ke da su kyauta, ko wajen biyan wanda zai rubuta aikin. Idan aka kama ɗalibi da wankiya, hukuncin na iya kaiwa ga maimaita shekara ko kora, wato asarar kuɗin makaranta da na masauki na shekaru.

Na uku ya wuce harabar jami'a. A watan Agusta na 2014, 'yan makonni bayan Ebola ta shigo Najeriya, saƙo ya bazu ta waya cewa wanka da ruwan gishiri da shan sa yana kare mutum. Cikin dare guda gidaje ba adadi suka aikata, aka kwantar da mutane a asibiti, aka kuma ba da rahoton mace-mace. Cikin masu tura saƙon har da masu digiri. A unguwa da ƙauye, wanda ya yi jami'a shi ake miƙa wa waya a ce duba mana ko gaskiya ne. Malaman makaranta, ma'aikatan jinya, 'yan jarida da malaman gona na gobe duk daga waɗannan azuzuwa za su fito, da irin ɗabi'ar da suka koya wajen karɓar magana.

Shawarar yanzu tana hannun kowace jami'a, kuma tana bin hanyar da aka saba: daga taron sashe zuwa na tsangaya, daga nan zuwa majalisar malamai, inda shugaban laburare ke da kujera a matsayinsa na ɗaya daga cikin manyan jami'an jami'a. Ɗalibi ko uban da ke son sanin inda tasu jami'ar ta tsaya zai iya duba abu biyu a takardun da ake rabawa a farkon zango: ko akwai kwas ɗin laburare a jerin rajistar aji ɗaya, da kuma ko a jadawalin kwas ɗin dabarun bincike an ware mako na musamman da za a yi a laburare, tare da makin da aka ɗora masa.